Ba A Bin Mu Ko Sisi

Mako uku da saukarmu Amurka muka shiga ofishin wani rukunin gidajen haya a garin Greensboro, jihar North Carolina, mu biyu, miji da mata, riƙe da jakar takardu. A cikinta akwai fasfo, da takardar ɗaukar aiki, da shaidar banki mai nuna muna da abin biyan hayar wata huɗu ko da ba mu sami kwabo ba a tsakani. Matar da ke kan tebur ta karɓi fom ɗinmu da kuɗin dubawa, ta ce mu dawo gobe. Da muka dawo sai ta juyo mana da fuskar kwamfutarta, ta ce ta bincika sunayenmu ba ta ga komai ba. Babu katin bashi, babu bashin mota, babu bashin makaranta, babu wanda ya taɓa ranta mana ko dala ɗaya a ƙasar.

Muka dubi juna muka yi hamdala. Ɗayanmu har da gyara zama, ya ce mata ai haka muke, ko a gida ba a bin mu ko sisi. Ta yi ɗan murmushin wadda ta saba jin irin wannan magana, ta ce to abin da ya hana ta ba mu gidan ke nan. Ba ta da abin da za ta duba ta san ko masu biya ne mu. Sai dai mu kawo wani mai tarihin bashi ya sa hannu ya tsaya mana, in ba haka ba mu nemi wani wurin. Muka fito muka tsaya a bakin titi muna jiran bas, babu mai cewa uffan. A lokacin a falon wani bawan Allah muke kwana, jakunkunanmu jibge a bayan kujera, kuma mun fara jin nauyinsa.

Abin da ya sa maganar ta yi mana ciwo shi ne tarbiyyar da muka taso da ita. A gidajenmu duka biyu, bashi abu ne da ake ɓoyewa. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ai ba a fito da hanji a nuna wa mutane. Mun ga yadda ake yi a wurin jana'iza, kafin a sallaci mamaci ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani ya miƙe ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya sami iyalinsa. Mun taso muna jin cewa mutumin kirki shi ne wanda za a yi wannan shela a kansa kowa ya yi shiru. Da wannan alfahari muka hau jirgi, sai ga shi an gaya mana a nan ba ya sayen ko makullin ɗaki.

Daga baya da muka natsu muka tuna cewa Baba, mahaifin ɗayanmu, wanda mu duka Baba muke ce masa, bai taɓa rabuwa da bashi ba duk tsawon zamansa a Kantin Kwari. Yana karɓar dilar atamfa daga manyan 'yan kasuwa ba tare da ya ajiye ko naira ba, yana kuma bai wa ƙananan 'yan kasuwa daga Gaya ko Maraɗi, su sayar su kawo kuɗi bayan sati biyu. Abin da yake tinƙaho da shi bai wuce cewa ranar da ya ce zai biya, ranar yake biya ba. Duk layinsu an san haka, kuma wannan sanin shi ne jarinsa na gaskiya. Idan baƙo ya zo neman kaya, tambayar farko ita ce wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Haka fatauci yake tun zamanin fatoma da masu masauki a zango. Masanin nan Abner Cohen, da ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar ana sayar wa mahauta shanun da aka kawo daga Arewa a kan bashi, babu takarda, sai lamunin mai gidan da ya sauki mai shanun, wanda ya san mahaucin da ke biya da wanda ke tauye mutane. Ashe matar ofishin nan tambayar Kantin Kwari ta yi mana. Bambancin kawai, ita ba ta da maƙwabcin rumfa da za ta leƙa ta tambaya, sai kwamfuta.

Sannu a hankali muka gane wa kwamfutar take tambaya. Kamfanoni uku ne manya ke riƙe da littafin bashin mutanen Amurka: Equifax, Experian da TransUnion. Ba na gwamnati ba ne. Equifax ma tun 1899 ya faro a birnin Atlanta, yana tattara wa masu kantuna labarin abokan cinikin da ke biya da waɗanda ba sa biya. Bankuna da masu ba da rance su ne ke aika musu rahoto kowane wata: wane ya ci kaza, ya biya kaza, a kan lokaci ko a makare. Daga wannan littafi ake fitar da maki. Wanda aka fi amfani da shi shi ne na kamfanin FICO, wanda aka fara aiki da shi a 1989, kuma yana tashi daga 300 zuwa 850. Daga 670 ake cewa mutum yana da kyau, daga 740 kuma ƙofofi sukan buɗe da sauƙi. Kamfanin ya bayyana yadda yake auna mutum: kashi 35 cikin 100 biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan abin da ake bin ka idan an gwada da iyakar da aka ba ka, kashi 15 daɗewar tarihinka, kashi 10 sababbin basukan da ka nema, kashi 10 kuma ire-iren bashin da ka taɓa riƙewa.

Abin da bai shiga lissafin ba shi ya fi ba mu mamaki. Albashinka ba ya ciki. Kuɗin da ka tara a banki ba ya ciki. Katin cirar kuɗi da muke sayen komai da shi ba ya ƙara ko maki ɗaya, domin kuɗinka ne kake kashewa. Kuɗin haya ma galibi ba a kai rahotonsa idan kana biya, sai an yi wani shiri na musamman, amma idan ka gudu da shi aka miƙa ka ga masu karɓar bashi, nan take zai bayyana. Kuɗin da muke turawa gida duk wata ba fashi, wanda a ganinmu shi ne babbar shaidar riƙon amanarmu, littafin bai san da shi ba. Tarihin da mutum ya bari a ƙasarsa kuma ba ya biyo shi. Ko a Najeriya akwai kamfanonin tattara bayanan bashi, amma abin da ke cikin littafinsu can yake tsayawa. Kowa daga sifili yake farawa, likita ne ko mai gadi, kuma FICO ba ya fitar wa mutum maki sai yana da asusun bashi aƙalla ɗaya da ya kai wata shida da buɗewa.

Nan muka ga tarkon. Ba a ba ka bashi sai kana da tarihi, ba ka samun tarihi sai an ba ka bashi. Kuma ba gida kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin wuta ya nemi mu ajiye kuɗin jingina kafin ya haɗa mana. Kamfanin waya ya ce sai dai mu biya kafin mu yi amfani. Masu sayar da mota sun yarda su ba mu, amma da kuɗin ruwan da ya sa muka fita ba sallama.

Wanda ya fitar da mu wani dattijo ne mutumin Nijar da muka haɗu da shi a masallacin Juma'a. Garin yana da 'yan Nijar da yawa, Hausawa da Zabarmawa, kuma shi ya fi shekara ashirin a can yana tuƙin babbar mota. Kowa Alhaji yake ce masa. Ya saurari labarinmu bai katse mu ba, sannan ya yi mana tambayoyin da suka tuna mana da gida: 'ya'yan wane ne mu, wace unguwa, wa muka sani a Kurmi, wa ya sauke mu. Ya ce mu ba shi kwana biyu. Daga baya muka ji ashe ya buga waya har Kano. Ranar Litinin ya zo da motarsa ya kai mu ofishin, ya sa hannu a ƙarƙashin namu.

A hanyar dawowa muka yi ta godiya, sai ya ce: "Ku bar godiyar nan, ku ji abin da na yi. Sunana na shekara ashirin na ɗora a kan naku. In kun ƙi biya, ni za a bi, littafina za a ɓata. To ku rufa mini asiri, kamar yadda na rufa muku."

Muka ce: "In Allah Ya yarda ba za mu ba ka kunya ba, Baba Alhaji."

Ya ce: "Kuma ba zan tsaya muku sau biyu ba. Ku je ku gina naku."

Ya gaya mana hanyar. Akwai katin bashi na jingina da bankuna ke bai wa wanda ba shi da tarihi. Kai za ka ajiye musu kuɗi, misali dala 300, su riƙe, su ba ka kati mai iyakar dala 300. Kana saye da shi, kana biya duk wata, su kuma suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku. Wato da kuɗinka ake ranta maka, don a ga halinka. Bayan wasu watanni, idan ka nuna kai mai biya ne, su mayar maka da jinginarka su mai da katin na yau da kullum.

A nan ne muka tsaya, domin maganar riba ta shigo. Mun kwana biyu muna musu a gida. Ɗayanmu na cewa takardar da za mu sa wa hannu ta ambaci kuɗin ruwa ƙarara, to me ya kai mu? Ɗayan na cewa ai sharaɗin ba ya aiki sai ka bar bashi ya kwana: idan ka biya duk abin da ke cikin lissafin wata kafin ranar da aka yanka, ba a ɗora maka ko sisi. Muka tambayi malamai, muka tarar su ma sun rabu. Wasu sun hana saboda sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar, wasu sun yi rangwame ga wanda ke cikin buƙata kuma ya tabbata zai riƙa biya gaba ɗaya a kan kari. Muka ɗauki magana ta biyu, zukatanmu ba su gama kwanciya ba, muka kuma gindaya wa kanmu dokoki. Ba za mu sayi abin da ba mu da kuɗinsa a asusu a ranar ba. Ba za mu taɓa cire tsabar kuɗi da katin ba, domin wannan daga ranar da ka cira ruwa yake fara hawa. Ba za mu taɓa biyan ɗan mafi ƙarancin da banki ke nunawa a saman takarda ba, domin nan ne ramin yake: ragowar ake ɗora wa ruwan da a shekarun nan yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Wani abu da ya ɗan rage mana nauyi shi ne tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutawar dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ruwan ne abin gudu.

Muka buɗe kati biyu, kowa da nasa, domin littafin ba ya haɗa miji da mata, kowa da sunansa da makinsa. Mun ga matan da suka shekara goma a ƙasar komai da sunan miji, ranar da ya rasu ko aure ya mutu suka wayi gari babu mai ba su hayar ɗaki. Man mota kaɗai muke saye da kati ɗaya, ɗayan kuma kuɗin waya. An ce kada abin da ke kan kati ya wuce kashi 30 cikin 100 na iyakarsa, mu ko 10 ba ma bari ya kai. Ba mu bi kowace tallar sabon kati da ke cika mana akwatin wasiƙa ba, domin duk neman da ka yi ana rubutawa, kuma yana shekara biyu a littafi. A wata na bakwai maki ya fito. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma mun daɗe muna kallon lambobin nan uku a fuskar waya. Bayan shekara ɗaya da rabi muka sabunta haya da sunanmu kaɗai, muka kai wa Alhaji takardar har gida tare da turmin shadda. Ya karɓi takardar ya karanta, shaddar kuwa sai da muka yi da gaske.

Sai muka saki jiki. Wata rana da sanyi ya shigo muka je wani kanti sayen riguna masu kauri, mai karɓar kuɗi ta ce idan muka buɗe katin kantin za a rage mana wani abu. Muka buɗe. Muka biya abin da muka gani a takardar farko, ba mu lura cewa wasu safa da hular sanyi da muka ƙara daga baya sun faɗa lissafin wata na gaba ba. Dala 27 ne. A cikin makon ne aka bugo mana waya da asuba cewa Baba ya rasu.

Ba mu sami jana'iza ba, amma mun sami zaman makoki, muka yi sati shida a Kano. An ce da aka yi shelar bashi babu wanda ya ɗaga hannu. Waɗanda suka yi ta zuwa su ne waɗanda shi yake bi. Wani ya zo daga Gaya da kuɗi ƙulle a leda, ya ce na atamfar bara ne, babu wanda ya sani sai shi da marigayi. Wani ya zo ya ce ba shi da shi yanzu, amma a rubuta, kada ya mutu da shi. Muna zaune a kan tabarma muna rubuta sunaye a littafin makaranta, muna kuka, muna jin daɗi. A daidai waɗannan kwanaki, a can ƙetaren teku, wata kwamfuta tana ƙirga kwanakin dala 27. Ƙa'idar ita ce ba a kai rahoton jinkiri sai ya cika kwana 30. Namu ya cika ya wuce.

Da muka dawo muka tarar da wasiƙu, muka biya a ranar, har da tarar da aka ɗora, wadda ta fi mana ciwo don mun yi alkawarin ba za mu taɓa biyan ƙari a kan bashi ba. Makin ɗayanmu ya faɗi da kusan 90. Muka buga waya, muka rubuta takarda muka bayyana rasuwar, aka amsa mana cikin ladabi cewa rahoton gaskiya ne, ba za a cire ba. Dokar da ke kula da wannan harka, wadda aka yi tun 1970, ta ba ka damar ganin littafinka da ƙalubalantar kuskure a gyara, amma abin da yake gaskiya shekara bakwai yake yi kafin ya goge. A lokacin mun fara magana da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar musharaka, ba da ruwa ba. Ashe su ma littafin nan suke dubawa. Aka ce mu dakata. Dakatawar ta ci fiye da shekara, farashin gidaje kuma bai jira mu ba.

Mun yi fushi da tsarin, kuma har yau akwai abin da ba mu yafe masa ba. Da a Kantin Kwari ne, wanda ke bin ka dala 27 shi zai fara zuwa yi maka ta'aziyya, ba zai ma ta da maganar ba. Littafin Amurka ba shi da shafin rasuwa. Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta: littafin nan bai tambaye mu 'ya'yan wane ne mu ba. Bai tambayi garinmu ko addininmu ba, doka ma ta hana mai ba da rance ya ƙi mutum saboda asalinsa. A gida mun san mutane masu amana da ba su taɓa samun mai ba su dila ɗaya ba, don kawai ba su da uba a kasuwa. A nan, baƙon da bai san kowa ba yana iya gina suna da dala 300 da haƙuri. Kowane tsari da wanda yake bari a baya. Tun daga lokacin muka saita banki ya riƙa biyan kowane kati da kansa, muka kuma riƙa duba littafinmu a shafin da doka ta tanada kyauta, duk bayan 'yan watanni.

Adashenmu ma bai tsaya ba. Mu goma sha biyu ne, duk wata kowa na zuba dala 200, kuma da shi muka sayi mota hannu da hannu. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa fashi, amma littafin bai san da ko ɗaya daga cikinmu ba ta wannan hanya. Akwai wata ƙungiya a San Francisco mai suna Mission Asset Fund da ta ɗauki irin wannan adashe na baƙi ta sa shi a rubuce, tana kai rahoton zubin kowa ga kamfanonin bashi, ba tare da ruwa ba. Mun kawo maganar a taronmu, uwar adashe ta ce ita ba ta son gwamnati ta san abin da ke cikin tukunyarta. Aka yi dariya aka bar zancen, amma biyu daga cikin matasanmu sun tambaye mu bayan an tashi.

Watan jiya bayan sallar Juma'a wani yaro ya tsayar da mu a bakin masallaci. Watansa biyu da zuwa, yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, yana kwana a falon abokinsa. Alhaji ne ya turo shi, shi yanzu ya tsufa ya ajiye tuƙi. Yaron ya ce: "Yaya, an ce ba a ga sunana a kwamfuta ba. Na ce musu ni ba a bi na ko sisi, suka ce wai shi ne matsalar."

Abu biyu yake so, a tsaya masa a haya, a kuma tsaya masa a bashin mota. Muka ce ya ba mu kwana biyu. A daren muka zauna da lissafi. Tabon dala 27 bai gama gogewa ba, gidan da muka samu da ƙyar muna kan biya, kuma idan yaron ya yi tuntuɓe sunanmu ne zai sha. Ɗayanmu ya ce ba mu san shi ba. Ɗayan ya ce mu ma Alhaji bai san mu ba. Muka buga waya gida, aka gaya mana ko ɗan wane ne, aka ce ba a taɓa jin sa da abin hannun mutane ba.

Motar mun ce a'a, mun kuma gaya masa dalili: akwai ruwa a ciki, kuma shekara biyar ta yi tsawo a ɗaure suna da sunan wani. Muka ce ya shiga adashe, za mu roƙi a ba shi ɗauka ta uku. Hayar kuwa, ranar Litinin muka ɗauke shi a mota muka je ofishin, muka sa hannu a ƙarƙashin nasa. Da muka fito ya fara godiya, muka ce ya bari, ya ji abin da muka yi, muka maimaita masa maganar Alhaji kusan kalma da kalma. Daga nan ba mu kai shi gida ba, banki muka wuce da shi, da dala 300 a aljihunsa.